Ni da Roba Mai Dogayen Ƙuraje: Daga Hunturu Zuwa Damina

Asabar, 9 ga Nuwamba, 2024

Yau ma yaron nan ɗan sakandare ya yi mini uku ba ko ɗaya a ƙwallon tebur: 11–4, 11–6, 11–3. Ba cin ne ya fi ci mini rai ba, ladabin ne. Yana gamawa ya rusuna ya ce, "Kawu, yi haƙuri, yau hannunka ne bai tashi ba." Hannun nan kuwa ya tashi iya tashinsa. Shekarata 46, kafaɗar dama tana ƙara in na ɗaga ta, shi kuwa sai ya murɗo ƙwallo sau biyar a jere ko haki bai yi ba. Duk yaran zaurenmu Aruna Quadri suke son zama, tun da suka ga yadda ya fitar da Timo Boll ya kai zagayen kwata fainal a gasar Olimfik ta Rio a 2016. Kowa duka, kowa cikin hannu.

Ni a Tudun Wada ta Kaduna na koyi ƙwallon tebur, kan ƙyauren da aka ɗora bisa bulo, an gitta katako a madadin raga, wanda ya fasa ƙwai shi zai saya. Tun lokacin salona ɗaya ne: a maka da ƙarfi a ga abin da Allah zai yi. Wannan salon ya zo ƙarshe. Ko in koma benci ina ƙirga wa yara maki, ko in sake hanya.

Zan sake hanya. Zan koma mai tsaro, in ja baya ina sara, wato ina yankar ƙwallo ta ƙasa ya koma da juyin baya, in bar mai duka ya gajiyar da kansa, kuma zan sa roba mai dogayen ƙuraje a fuskar bat ɗina ta bayan hannu. Na buɗe littafin nan ne don na san halina, in ban rubuta ba zan sayi abu ɗaya sau biyu. Sharaɗi biyu na gindaya wa kaina. Na farko aljihu, domin dala ta haura naira 1,600 kuma komai na wasan nan daga waje yake zuwa. Na biyu, duk robar da zan manna sai tana cikin jerin da hukumar ƙwallon tebur ta duniya, ITTF, ta amince da shi.

Lahadi, 17 ga Nuwamba

Na je gaida Malam a Unguwar Sarki. Shi ya koya wa rabinmu riƙon bat, yanzu gwiwa ta zaunar da shi. Da na faɗa masa niyyata sai ya yi dariya har da tari.

"Kai ma asiri ka zo nema ke nan."

Na ce, "Allah ya gafarta Malam, ba asiri ba, hutu nake nema."

Ya ce to na yi ɓatan kai, don a wasan nan babu mai gudu kamar mai sara.

Sai ya sa jikansa ya ɗauko wata tsohuwar tayar keke da yara ke gare da ita. Ya ce yaron ya riƙe ta ta tsakiya, ya murza ta, ya tako zuwa wurina, sannan ya koma da baya ba tare da ya taɓa ta ba. Ya tambaye ni ko tayar ta sauya juyi. Na ce a'a. Ya ce, "To da tana zuwa wurinka juyin gaba ne, da take komawa ya zama juyin baya. Iyakar asirin ke nan."

Robar sumul cafke ƙwallo take yi, ta kashe juyin da ya zo da shi, ta ɗora masa nata. Dogayen ƙuraje kuwa sirara ne masu laushi, ƙwallo na taɓa su sai su kwanta, ya zame a kansu ya koma yana ci gaba da juyawar da yake yi. Wanda ya murɗo maka da ƙarfi, wato da juyin gaba, sara mai nauyi ce za ta koma masa, kuma da hannunsa ya dama ta. Wanda ya turo da juyin baya, zai ga ƙwallo ya komo masa da ɗan juyin gaba. Malam ya ɗaga yatsa zai ƙara wata magana sai aka kira la'asar, muka tashi.

Bayan salla ya shiga tarihi. Hukuma ta sha fige wa robar nan gashi. A ƙarshen shekarun 1990 aka ƙayyade cewa tsawon ƙurji kada ya wuce faɗinsa sau 1.1. A 2008 aka haramta masu tsananin santsi, waɗanda ba su da kamu ko kaɗan. Shi kansa ƙwallon an ƙara masa girma daga milimita 38 zuwa 40 a 2000, sannan daga 2014 na filastik ya maye gurbin tsohon, kuma kowane sauyi juyi ya rage. Mai cin tuwo da miyar wasu, in miya ta ƙaranta shi zai fara ji.

Masu ƙuraje gida biyu ne, in ji shi. Akwai masu manne wa tebur suna tarewa suna dagula lissafi, irin su Manika Batra ta Indiya da ta ci zinare a gasar ƙasashe rainon Ingila ta 2018, da Ni Xia Lian da ta buga wa Luksamburg a Olimfik ɗin Faris bana tana da shekara 61. Akwai kuma masu ja da baya su yi sara daga nesa, babbansu Joo Sae-hyuk na Koriya ta Kudu, wanda ya kai wasan ƙarshe na gasar duniya a Faris a 2003, Werner Schlager na Ostiriya ya ci shi da kyar. Kayan gidan farko daban, na gida na biyu daban.

Da zan tafi ya tambaye ni, "Kai a ina za ka tsaya?" Na ce ai Joo zan zama. Bai ce komai ba.

Alhamis, 5 ga Disamba

Saƙo ya iso daga Legas, na karɓo a tashar mota ta Mando. Roba biyu 'yan Sin masu sauƙin kuɗi: Dawei 388D-1 marar soso a ƙarƙashinta, wadda ake rubuta wa OX a jikin kwali, da Friendship 755 mai soso milimita 1.0. Tunanina shi ne kada in zuba kuɗi mai yawa kafin in san gidan da nake.

Manna marar soso ya ba ni wuya. Siririya ce kamar fatar balan-balan, ina shafa gam sai ta nannaɗe ta manne da kanta. Na ɓata rabin sa'a ina ɓamɓarewa, uwargida tana leƙowa tana tambaya ko tiyata nake yi. Dabarar da ta yi aiki daga baya: a shimfiɗa robar a kan tebur, ƙuraje suna kallon ƙasa, a danne kusurwoyinta huɗu, a shafa gam kaɗan, a bari ya sha iska, sannan a sauke katakon bat ɗin a kanta. Katako ke zuwa wurin roba, ba roba ke zuwa wurin katako ba. Ana kuma sayar da takardar gam mai manni gaba da baya don wannan aikin, da na sani da na haɗo da ita.

Ƙanina ya ce me ya sa ban karɓo solushan wurin mai faci ba kamar yadda muke yi da. Yana mannewa kam, amma irin wannan gam mai hamami an hana amfani da shi tun 2008, na ruwa kaɗai aka yarda da shi. Na manna marar soson a kan tsohon katakona mai shimfiɗar kabon a ciki, irin na masu duka, don shi nake da shi.

Asabar, 14 ga Disamba

Yau na ci mutum biyar a jere. Biyar! Wanda ya murɗo, na tare, ya sake ɗagowa sai raga. Wanda ya turo, na mayar, ya sake turowa sai ƙwallo ya tashi sama kamar an hura shi. Wani abokina ma'aikacin banki ya ajiye bat ɗinsa ya ce shi ba zai yi wasa da tsafi ba. Wani ya ce a binciki abin da ke hannuna. Na miƙa masa, domin doka ta ba abokin karawa dama ya duba bat kafin a fara wasa. Ya shafa ƙurajen da babban yatsa ya ce, "Oga, wannan ai ƙyanda ce ta kama robar." Sunan ya zauna, yanzu kowa Mai Ƙyanda yake ce mini.

Ƙorafin nasu tsoho ne. Da can ana iya sa baƙar roba gaba da baya, ɗaya sumul ɗaya marar kamu, mutum ya riƙa juya bat a ƙarƙashin tebur ba wanda ya san da wane ɓari ya buga. Shi ya sa a shekarun 1980 aka tilasta launi biyu, har aka tsaya kan baƙi da ja. Tun 2021 ma an ƙara shuɗi da kore da ruwan hoda da shunayya, amma dole ɓari ɗaya ya zama baƙi.

Na dawo gida ina jin kaina. Yaron nan bai zo ba yau, jarabawa suke yi.

Lahadi, 29 ga Disamba

Alhaji ya sauke mini girman kai. Tsohon ma'aikacin masaƙa ne daga Kakuri, ya haura sittin, da tsohon bat ɗin da robarsa ta koɗe yake wasa, kuma ko sau ɗaya ban taɓa ganin ya yi gumi ba. Ya kalli wasana biyu daga benci, ya tashi ya naɗe hannun riga ya ce, "Ƙanina, zo mu gaisa."

Sabis ɗinsa na farko dogo ne, lami, babu juyi ko na sisin kwabo, kai tsaye kan ƙuraje. Na mayar, ƙwallo ya tafi shi ma lami, ya ɗan tashi, Alhaji ya ɗora shi a kusurwa. Ya sake, na sake, ya sake ɗorawa. In ya ga dama ya murɗo a hankali sau ɗaya, ya san sara za ta komo, sai ya tura ta gajere, ya san abin da zai komo bayan nan mai ɗan juyin gaba ne, sai ya make. Ɗaya murɗi, ɗaya turi, kamar mai kaɗa kalangu. Ban haura maki biyar ba a ko wanne zagaye.

Maganar da kiran salla ya katse wa Malam ke nan, na tabbata. Robar nan ba ta haifar da juyi, ajiya ake ba ta ta mayar. Wanda bai ba ka komai ba, ba ka da abin mayar masa. Mutum biyar ɗin da na ci ba ni na ci su ba, rashin sani ne ya ci su, kuma rashin sani a zaure ɗaya ba ya wuce wata guda. Alhaji kuma ba ya ɓoye ilimi, kafin magariba ya tara su yana yi musu bita a kaina.

Abin da na lura a ɓangaren kaya: in na ja baya taku biyu don in sara, ko dai ƙwallo ya wuce tebur ko ya faɗi kafin raga. Marar soso a kan kabon ba ta ba hannu labari, ƙwallo ya taɓa ya tafi kafin in ji shi.

Asabar, 18 ga Janairu, 2025

Mako uku ina kan batun katako. Katakon duka da na tsaro ba ɗaya ba ne. Na duka kansa yakan kai milimita 157 a tsaye, 150 a kwance, mai tauri, yana tofar da ƙwallo. Na tsaro ya fi faɗi, wajen 165 da 155, yawanci zallan itace ne, yana ɗan lanƙwasa, yana riƙe ƙwallo na ɗan lokaci kafin ya sake shi. Doka ba ta ƙayyade girma ko siffa ba, ta dai ce kashi 85 cikin ɗari na kaurin katako ya zama itace.

Waɗanda raina ya biya: katakon da Butterfly ta yi da sunan Joo Sae-hyuk, da wanda Victas ta yi da sunan Koji Matsushita, shahararren mai sara na Japan. Na tambayi kuɗinsu na mayar da naira, sai na ga linzami ya fi ƙarfin bakin kaza. Na Joo ma an san shi da nauyi da gudu, an yi shi ne don mai sara da ke duka kamar ɗan ashirin. Ko kyauta aka ba ni, kafaɗata za ta kai ƙara.

A ƙarshe wani da ya daina wasa a Abuja ya sayar mini da Donic Defplay Senso na hannu, ƙanina ya taho mini da shi a jirgin ƙasa, na tarye shi a Rigasa. Gefensa ya ɗan ci tebur, ba komai. Ƙotarsa miƙaƙƙiya ce, ita nake so, don ta fi daɗin juyawa a tafin hannu in ana son a sauya ɓari ana cikin wasa. Mai buɗaɗɗen gindi tana zama daram amma tana turjiya wurin juyi. Na ɗora shi a sikelin da uwargida ke awon fulawar kek: giram 78.

Wautar da na tafka: robobin da na yanka daidai da tsohon katako sun yi wa sabon kaɗan, itace ya fito tsirara a gefe kamar wandon da ya ɗage. Doka kuma ta ce roba ta rufe fuskar katako har baki. Sai sake saye. Mai niyyar komawa tsaro, katako zai fara saya kafin ya sa almakashi a jikin roba.

Talata, 4 ga Fabrairu

Ƙurar hunturu ta cika zaure. Robar sumul in ta sha ƙura sai ta zama gilashi, dole ana gogewa da ɗan ruwa bayan kowane zagaye. Ƙuraje kuma ƙura tsakaninsu take maƙalewa, tsohon buroshin haƙori ne maganinta, a hankali kada a karya su. Na zame sau biyu a kan siminti ina bin ƙwallo. Takalmi mai ƙasan ɗanyar roba ya shiga lissafi, abin da ban taɓa sa shi a kasafi ba.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Yau na daki bango da gwiwar hannu har sai da na zauna. Ina ja da baya ne in sari wani murɗi mai nauyi, sai ga bango. Da zafin ya lafa na aro tef wurin kafintan da ke maƙwabtaka da mu na auna zauren. Tsawonsa mita 8. Tebur mita 2.74 ne. Abin da ya rage wa kowane ɓangare bai kai mita 2.7 ba, a ɓangare ɗaya ma benci ya cinye kusan rabin mita. Filin gasar ƙasa da ƙasa kuwa mita 14 ne da 7, wato bayan kowane ɗan wasa akwai sama da mita biyar da rabi. Joo a can yake zarya. Ni wata uku ina sayen kayan Joo don in yi wasa a ɗakin da ba zai ɗauki Joo ba.

Na buga wa Malam waya na ce, "Malam, yau na ji tambayar da ka yi mini." Ya ce, "Bango ne ya fassara maka?"

To ga inda zan tsaya: taku ɗaya zuwa biyu daga tebur, in sara daga nan in an murɗo, in matso in tare in an rage gudu. Ba gidan farko ba ne zalla, ba na biyu ba ne. Da wannan idon na sake duba kaurin soso uku da na gwada a mako biyu da suka wuce, biyu nawa, ɗaya aro.

Marar soso ta fi kowacce mayar da juyi a bakin tebur, ƙwallonta yana tafiya a hankali yana rawa, tana kuma da daɗin ajiye gajere. Amma daga taku biyu sai na tura da dukkan hannu kafin ya haye raga, kuma ba ni da iko in ƙara nauyi ko in rage. Mai 1.0 akasin haka ce: soso yana sa ƙuraje su nutse su kama ƙwallo, ina iya sara mai nauyi da nawa wuyan hannun, in kuma yi wadda ba ta da nauyi da motsi iri ɗaya, wanda shi ne ainihin makamin mai sara. Sai dai a bakin tebur ta zama kamar kowace roba, juyin abokin wasa yana cin ta, kuma tana son fili. Mai 0.5 ba ta kai ko ɗaya daga cikinsu ba a fagensa, amma ita kaɗai ce ba ta kunyata ni a duka wuraren biyu ba. Zaurenmu ya zaɓa mini.

Laraba, 12 ga Maris

Azumi ya kai sha biyu, zafi ya sauko da ƙarfinsa. Mun mayar da wasa bayan asham, in akwai wuta. Ranar Litinin na manta bat a mota daga safe har azahar, na tarar gefen robar ya ɗaga, gam ya saki. Laifina ne.

Da nake ba da labari sai wani ya ja ni gefe ya ce ai alheri ne ya same ni. Wai in shanya robar a rana kwana uku, ko in shafa wa kan ƙurajen gam mai ƙarfi, za su bushe su yi santsi, juyi ya riƙa komawa ninki biyu. Gaskiya ne yana aiki, ranar Kaduna a watan Maris kuwa ba ta buƙatar kwana uku. Amma doka ta fito fili: roba a yi amfani da ita yadda aka amince da ita, ba gyara da sinadari ko wata dabara. Santsin da aka haramta a 2008 ne ake son a dawo da shi ta bayan gida. Na ce masa, "Haba Yallaɓai, da azumi a bakinmu?" An riga ana ce mini mai tsafi alhali hannuna tsaf yake, ina ga na ba su hujja.

Wani mai kayan wasanni kuma ya nuna mini wata roba mai ƙuraje a araha ta ban mamaki. Na duba gindinta, inda tambarin ITTF da sunan kamfani da na robar suke zama, babu komai sai zanen fure. Na mayar masa. Shi ya sa ma in ana yanka roba ake barin rubutun nan a kusa da ƙota, don alƙali ya gani.

Asabar, 5 ga Afrilu

An sha ruwa lafiya, an yi salla. Malam ya sa aka kawo shi zaure a Keke Napep, ya zauna ya kalle ni zagaye uku. Hukuncinsa gajere ne: "Wata biyar kana hidimar ɓari ɗaya. Bat fuska biyu gare shi."

Ya yi gaskiya. Ƙuraje ba sa cin maki, suna sa ne a ba ka ƙwallo mai sauƙi. In ba ka da abin da za ka make shi da shi, abokin wasa ba ya jin tsoron komai, sai ya yi ta turo maka lami har ka gaji. Abin da ya sa Joo ya gagara ba saransa kaɗai ba ne, kowa ya san in ka yi sake da turi ɗaya zai shigo da cikin hannu ya gama da kai.

Ni kuwa robar da ke cikin hannuna mai soso 1.5 ce da na sa don sara ta yi daɗi. Sara tana daɗi, duka kuwa kamar da matashin kai. Mai cikakken kauri, wadda ta kusa iyakar milimita 4 da doka ta yanke wa roba da sosonta, tana duka amma sara tana tashi sama. Na tsaya a tsakiya: Yasaka Mark V mai 1.8. Tsohuwar roba ce, da ita Stellan Bengtsson na Suwidin ya ci gasar duniya a 1971, yaran zaure har dariya suka yi wai robar kakanni. Ba ta da tsalle irin na robobin zamani, inda ka aike ta nan take zuwa, kuma tana daɗewa, abin da ya fi komai muhimmanci ga mai albashi.

Aikin da Malam ya ba ni: duk sabis lami da aka aiko kan ƙuraje, ko in zagaya in buga da cikin hannu, ko in juya bat in karɓa da sumul. Kullum minti goma ina juya bat a hannu ina kallon labarai, har uwargida ta daina tambaya.

Lahadi, 11 ga Mayu

Tun da na san kaurin da nake so, na rufe ido na sayi mai tsada guda ɗaya: Victas Curl P1V mai soso 0.5. Ita ce wadda aka sani da TSP Curl P-1R a da, masu sara da yawa sun yi zamani da ita. Na yi ta kai-kawo tsakaninta da Tibhar Grass D.TecS, wadda aka fi sani da dagula lissafi da mayar da juyi. Amma ni na riga na ga ƙarshen dagula lissafi a hannun Alhaji. Abin da nake nema yanzu roba mai ɗan kamu, wadda zan sa mata nauyi da kaina.

Kwana uku na farko na yi da-na-sani, don tarewar da ke ba ni maki a banza ta ragu. A na huɗu sara ta fara zama ƙasa-ƙasa, tana shafar raga. Ruwan farko ya sauka, zaure ya yi gumi, sumul tana zamewa in iska ta yi laima. Duka bat ɗin yanzu giram 147, tsohon kuwa 185 ne. Kafaɗa ta yi shiru.

Asabar, 14 ga Yuni

Mako guda bayan babbar salla, kowa ya yi nauyi da nama. Na kara da yaron nan: 11–8, 7–11, 11–9, 6–11, 9–11. Ya ci, amma ya cire riga ya matse, kuma bai ce hannuna bai tashi ba. Cewa ya yi, "Kawu, ta ukun nan da ta biyu iri ɗaya ka sara, me ya sa ɗaya ta shiga raga ɗaya ta fita waje?" Na ce ya je ya tambayi Malam, ya tafi da goro.

Alhaji har yanzu yana cina, sai dai yanzu yana tsayawa ya ga wane launi ne ke kallonsa kafin ya yi sabis. Na karɓi zagaye ɗaya a hannunsa, na farko tun Disamba.

Kaya sun tsaya haka: Defplay mai miƙaƙƙiyar ƙota, Mark V 1.8 ja a cikin hannu, P1V 0.5 baƙa a baya. Na yi wa uwargida alkawarin ba zan ƙara sayen komai ba sai roba ta mutu. Robobi huɗu da suka rage na ba wasu yara biyu da suka fara sha'awar sara, da sharaɗin su fara koyon turi da sumul tukuna. Ƙuraje biyu sun karye a tsakiyar wadda na fara da ita, ta tashi daga aiki, ta zama abin ɗora kofin shayi.

Saura cinyoyi, da ke ciwo kowace Lahadi kamar na yi noma, da kuma bencin nan. Na yi wa shugaban zaure magana a mayar da shi gefen taga, zai ƙara mini kusan rabin mita. Ya ce sai an yi mitin, don masu zama a kai sun ce a nan fanka take. An sa mitin ɗin ranar Asabar mai zuwa bayan la'asar, kuma na ji Alhaji yana cikin masu son benci ya tsaya inda yake.